Ɗanyen madaci ko filawud? A ba ni shawara kafin Asabar

Baban Sadiya:
Salamu alaikum yan uwa masu sha'awar aikin katako. Kanta nake haɗawa ta littattafan mahaifinmu a cikin birnin Zariya, littattafan suna jibge a ƙasa cikin buhuna da kwalaye gara har ta fara taɓa na ƙasa, abin yana damuna sosai. Asabar da Lahadi kawai nake samu saboda aikin ofis. Na gama firam ɗin da busasshen madaci da na samu tun bara, tsayi ƙafa shida faɗi ƙafa huɗu, saura hawa biyar da za a ɗora littattafan. Jiya na leƙa Yan Katako a Sabon Gari na ga falankan madaci 1x12 (kauri inci ɗaya, faɗi inci goma sha biyu) masu kyau, mai shi ya ce dubu tara-tara zai bar min, amma da na ɗaga ɗaya nauyinsa da sanyinsa sun nuna min bai daɗe da fitowa daga inji ba. Ga shi damina ta ƙare hunturu na bakin ƙofa. In saya in yi aiki da shi yanzu, ko in saya in ajiye ya bushe, ko in haƙura in sa filawud? Ku lura ba ni da inji ko ɗaya, zarto ne da jakfilen (abin goge katako) da kurfi, kuma abin da ke hannuna bai wuce dubu hamsin ba. Littattafan masu nauyi ne, irin manyan nan masu mujalladi da yawa.

Auwal Danmagaji:
Wslm. Oga ka sayi HDF (allon garin katako da aka matse) kawai a yanka maka a inji a manna maka baki, kwana ɗaya ka gama. Ni shi na yi wadrof da shi kowa ya gani sai ya tambaya.

Kafintan Muchiya:
HDF ga littafi? Wata uku ba za a yi ba tsakiyar zai lotsa. Kuma ranar da ruwa ya taɓa shi ko da na mofin ne ya kumbura shikenan. Malam kar ka fara.

Bakanon PZ:
Ka kai wa mai walda ya yi maka ta ƙarfe mana, Zazzagawa da son wahala. Mu a Kano da tuni an gama an ci riba 😂

Maman Walid:
To Bakano uban son kuɗi, mutum ya ce da hannunsa yake so ya yi wa mahaifinsa, kai kana maganar riba. Me ya zaunar da kai a Zariya in Kanon ta fi?

Bakanon PZ:
Ilimi na zo ɗauka Hajiya, in na gama kwashewa zan tafi in bar muku kantar babu littafi.

Dattijon Tudun Jukun:
Yaro ka saurare ni da kyau, ɗanyen katako ko kyauta aka ba ka kar ka buga masa ƙusa. Ni abin da ya same ni har yau in na tuna raina ɓaci yake. Tun da na yi ritaya aikin katako ne abin da ke ɗebe min kewa, da aka sa ranar ƴata ta fari na ce gado da madubi ni zan yi mata da hannuna, uwarta ta ce a saya a kasuwa kamar kowa na ce a'a. Na je wurin wani mai katako da muka daɗe tare, mutumin da har sunan ɗansa na je, na ce masa busasshe nake so na aure ne, ya rantse min da Allah katakon ya kwana biyu a rumfa, ya ɗauko na sama ya nuna min fes, ashe na saman ne kawai busasshe, na ƙasan da yaransa suka loda a amalanke sabon yanka ne. Da na fara gogewa na ga ɓawon da jakfilen ke fitarwa yana manne wa yana da laima, na kira shi ya ce ai raɓa ce Baba. Na yi aiki, na shafa banish har gado yana ɗaukar ido, aka yi jere a watan Nuwamba mata suna ta sa albarka. Kafin ƙarshen Janairu allon kan gadon ya tsage tun daga sama har ƙasa, tsagar da yatsa ke shiga, ƙafa ɗaya ta murɗe gado yana rawa, durowar madubi ta ƙi rufuwa. Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne, maganar dangin miji ce, wai uban amarya ya yi rowa ya haɗa mata gadon tsiya. Yarinya ta zo gida tana kuka. Sai da na sayar da tunkiya biyu na saya mata wani. Da na koma wurin mutumin ce min ya yi katako ai ba shi ya halicce shi ba. Na bar shi da Allah.

Maman Walid:
Innalillahi. Baba Allah ya saka maka. Dangin miji kam sai a hankali, ko gadon zinare ka kai sai sun samu abin faɗa.

Auwal Danmagaji:
Baba wane layi yake a faɗa mana mu guje shi

Dattijon Tudun Jukun:
A'a ɗana, ba zan kama suna ba, yana da iyali. Kai dai in za ka saya ka tsaya a kan kayanka har a loda, falanki ɗaya-ɗaya ka ɗaga da hannunka.

Kafintan Muchiya:
Baba Allah ya huci zuciyarka, amma da ka kawo wa masu sana'ar da hakan bai faru ba. Mu da ganin katako mun san ɗanye. Kuma tsagewar allon nan ba laifin ɗanyen kaɗai ba ne, in ka ɗaure faffaɗan allo da gam da ƙusa ta kowane gefe dole ya fashe, rami ake yi masa ya zauna ciki sakwa-sakwa ya samu wurin motsi.

Dattijon Tudun Jukun:
Gadon da na saya daga baya masu sana'ar ne suka yi shi, shi ma bai kai shekara biyu ba ƙwaro ya fara zubo da gari daga cikinsa. Kar ka gaya min masu sana'a.

Malam Na Samaru:
Ku bari in ɗan sa baki, fannin gandun daji na karanta. Abin da ya faru da gadon Baba haka katako yake. Itace in an yanka shi cike yake da ruwa, yana ta bushewa ba ya canja girma har sai ruwan jikinsa ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari, daga nan ne yake fara tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa ba ta tsayi ba. Shi ya sa falanki mai faɗin inci 12 yake raguwa ya lanƙwashe kamar kwale-kwale amma tsayinsa yana nan. Mu nan Zariya matsalarmu ta fi ta kudu, domin katakon da ya zauna lafiya a laimar Agusta in iskar Disamba da Janairu ta buge shi sai ya ƙara sakin ruwa da sauri, baki-bakinsa ya riga tsakiya bushewa ya tsage. Baban Sadiya in ka saya, ka shafa fenti ko narkakken kyandir a bakin kowane falanki biyu, ka jera su a inuwa a kan bulo kar su taɓa ƙasa, ka sa siraran sanduna tsakanin kowane biyu a saitin juna iska ta ratsa, ka danne sama da nauyi. Kar ka jingina su a bango cikin rana. Ka yanki guntu ka riƙa auna shi a sikeli duk mako kana rubutawa, ranar da nauyin ya daina sauka ya bushe.

Kafintan Muchiya:
Malam da girmanka, wannan na takarda ne. Wane kafinta ne ke da lokacin auna guntun katako a sikeli? Mu ƙwanƙwasawa muke mu ji ƙara. Shekarata nawa ina wannan aikin tun ina yaron shago, ku kuna kallon YouTube kuna zuwa kuna koya mana.

Malam Na Samaru:
Ban raina hannunka ba Oga, kunnenka ya saba, nasa bai saba ba. Shi ba kwastoma ke jiransa ba, yana da lokacin da kai ba ka da shi.

Sani Gyallesu:
Ni dai abin da ban gane ba dubu tara ɗin nan. Sati biyu da suka wuce 1x12 na madaci dubu goma sha huɗu aka ce min ba ragi. Anya madaci ne kuwa? Ana shafa wa maje kala a ce madaci ne fa, ka kankare da wuƙa ka ga cikin.

Auwal Danmagaji:
Sha huɗu ina? Sha ɗaya na saya wa maƙwabcina

Sani Gyallesu:
Yaushe? Kuma mai ƙafa nawa? Don yanzu akwai wanda ko ƙafa goma sha biyun bai cika ba.

Hafiz Kongo:
Filawud mai kauri uku bisa huɗu na inci dubu ashirin da takwas na saya wancan watan, na yi teburin karatu da shi ina kan shafa masa samfefa yanzu ma. Shit ɗaya ƙafa 4 ne da 8, in ka yanka ta gajeren gefe za ka samu hawa biyar ɗinka har da saura. Sai dai ƙafa huɗu ba tallafi ya yi masa yawa ga manyan littattafai, ka sa katanga a tsakiya ko ka manna siririn madaci a gaban kowane hawa, zai riƙe kuma zai rufe bakin filawud ɗin.

Kafintan Muchiya:
Ashirin da takwas wannan mai ramuka a ciki ne. Mai kyau ya haura talatin da biyar.

Hafiz Kongo:
Na yanka shi da hannuna ban ga rami ba Oga.

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai, Baba Allah ya mayar da alheri. Malam Na Samaru kamar wata nawa kake gani zai ɗauka in na jera su yanzu? Don tsohon kullum sai ya tambaye ni. Kuma filawud da zarton hannu ba zai tsattsage baki ba? Sannan ba wanda ya ce komai kan gara, ɗakin ginin ƙasa ne.

Sani Gyallesu:
Baƙin mai ka shafa, gara ba ta zuwa kusa.

Maman Walid:
Baƙin mai a kantar littattafan Malam? Haba Sani. Duk takardun su baƙe ɗakin ya riƙa warin gareji? Ku dai ɗaga ƙafafun daga ƙasa kuma kar ta jingina da bango, a riƙa sharewa ana dubawa. Ni ƴar kantar kicin da na haɗa da guntayen da aka bari bayan rufin gidanmu haka na yi mata, gwangwanin madara na sa a ƙarƙashin kowace ƙafa.

Hafiz Kongo:
Solignum, maganin kare katako daga gara, ake shafawa a ƙafafu da baya, a bar shi a waje warin ya fita kafin a shigar. Zarto kuma ka fara jan layi da wuƙa mai kaifi a kan layin yankan, ka yi amfani da mai ƙananan haƙora.

Bakanon PZ:
Garar cikin birni ai ta yi karatu, ta sauke littafi nawa a ɗakin nan, ba Solignum ɗin da zai tsorata ta 😂

Dattijon Tudun Jukun:
Bakano ka kiyaye ni yau ba na cikin wasa. Da ina da kilam ɗina na matse katako manya guda biyu da na ara maka yaro, don manna bakin nan da Hafiz ya faɗa sai da su. Amma wani maƙwabci ya karɓa tun kafin azumi wai zai gyara ƙofa ya dawo da su da yamma.

Sani Gyallesu:
Kai Baba ka taɓo inda ke min ciwo. Kurfina da na wasa da dutse har yana aske gashin hannu, ƙanin matata ya ɗauka ya je ya fasa siminti da shi zai sa waya a bango, ya dawo min da shi baki duk ya karye yana cewa ai ƙarfe ne. In ka hana a ce ka cika rowa, in ka bayar ka yi asara.

Kafintan Muchiya:
Wannan kam mun haɗu a kai. Ni a shago na rubuta a bango ba a aron kayan aiki, amma wanda ya girme ka in ya zo ya tsaya ya za ka yi da shi?

Maman Walid:
Ku naku ma maza ne ke ɗauka. Ni gudumata yaran gida ke fasa goruba da ita, tef ɗin awo kuma an mayar da shi abin wasa har ya daina komawa ciki.

Auwal Danmagaji:
Ni yanzu biyu nake ajiyewa, tsohon zarto na masu aro da nawa a ƙarƙashin gado

Sani Gyallesu:
Ai sun gane wannan dabarar, cewa suke ba wannan ba ɗayan mai jan hannu. Baba ka tura yaro ya karɓo kilam ɗin nan gobe, in ka bari aka kai wata sallar cewa zai yi ai ya dawo da su tuntuni.

Dattijon Tudun Jukun:
Na tura jiya. Wai ya ara wa surukinsa a Shika.