Gwamnati ta cire hannu daga harkar sadarwa, ko ta ƙara damƙewa?

Mai Lissafi: Salamu alaikum jama'a. Magana ɗaya na zo da ita, kuma na san za ta sosa wa wasu inda yake musu ƙaiƙayi. Duk ƙasa mai tasowa da ke son sadarwarta ta tashi, to gwamnati ta sayar da lasisi, ta koma gefe. Hujjata ba ta da nisa. Kafin 2001, layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ta shafe shekaru tana cin kasuwa ita kaɗai. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Yau layukan sun haura miliyan ɗari. Habasha kuwa ta ƙanƙame Ethio Telecom har sai 2021 kafin ta ba ayarin Safaricom, kamfanin waya na Kenya, lasisi a kan dala miliyan 850. Shekara ashirin ke nan tsakani. Wa ya ci riba da wannan jira?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, lissafinka daidai ne, amma ka tsinci ƙasashen da suka yi maka daɗi ne kawai. Me za ka ce da Biyetnam? Viettel mallakin ma'aikatar tsaro ne, kamfanin soja ne ƙiri-ƙiri. Ya shiga harkar salula a 2004, ya kai turakun sadarwa ƙauyukan da wasu suka raina, ya zama kan gaba a gida. Bai tsaya nan ba, shi ne Movitel a Mozambik, shi ne Halotel a Tanzaniya, shi ne Lumitel a Burundi. Koriya ta Kudu ma cibiyar bincike ta gwamnati, ETRI, ita ta jagoranci ƙera na'urar haɗa kira ta TDX a shekarun 1980, sannan a 1996 suka shiga sahun farko na masu fara sayar da sabis na CDMA, wata fasahar wayar salula. Da sun sayar da lasisi sun koma gefe, da har yau saye suke yi, ba ƙerawa ba.

Mai Lissafi: Baba, ranka ya daɗe, Viettel ai gasa ya shiga. VinaPhone da MobiFone ya tarar, ya karya farashi. Gasar ce ta yi aiki, ba kakin soja ba.

Tsohon Injiniya: To ka ga ka sauya magana da bakinka. Ɗazu cewa ka yi gwamnati ta fita, yanzu kuma ka ce gasa. Ba abu ɗaya ba ne. China ta kafa China Unicom a 1994 don ya yi gogayya da kamfanin ma'aikatar sadarwa, dukansu kuwa na gwamnati ne. Meziko kuma ta sayar da Telmex a 1990, babakeren gwamnati ya koma babakeren ɗan kasuwa a hannun Carlos Slim. An gudu ba a tsira ba. Sai a 2013 suka yi gyaran tsarin mulki suka kafa hukumar sa ido mai haƙori.

Ɗalibar Lauya: Baba ya taɓo inda nake jira. Abin da ake mantawa a labarin 2001 shi ne gwanjon kansa aikin gwamnati ne, hukumar kula da sadarwa ta NCC ce ta shirya shi a bainar jama'a, kowa ya ga abin da aka taya. Dokar sadarwa ta 2003 ta ƙara mata ƙarfi. Wa ke raba zangon iskar da kamfanoni ke aika kira ta cikinsa? Wa ke tilasta wa babban kamfani ya karɓi kiran da ya fito daga ƙarami, kuma a kan kuɗin da ba zai kashe ƙaramin ba? In babu alƙali a tsakani, wanda ya riga shiga kasuwa rufe ƙofa zai yi. Ku tuna sai da Glo ya zo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa sannan sauran suka bi sahu. Kafin nan ko “ina kwana” ka ce ka kashe, kuɗin minti guda ne ya tafi.

Mai Lissafi: Ƙanwata, na yarda da alƙali. Abin da ban yarda da shi ba, alƙali ya sa riga ya shiga fili yana buga ƙwallo. Sau nawa aka yi yunƙurin ceto NITEL? An ba Pentascope ya gudanar a 2003, an sayar wa Transcorp a 2006, aka sake karɓewa, daga ƙarshe NATCOM ta kwashi abin da ya saura. Kamfanin da ma'aikacinsa zai karɓi albashi ko layi ya yi aiki ko bai yi ba, ba Biyetnam ba ne. Yawancin ƙasashenmu masu tasowa irin NITEL suke haifa, ba irin Viettel ba.

Tsohon Injiniya: Wannan kam ban musa ba, na ga irinsa da idona. Amma bari in gaya maka abin da ɗan kasuwa ba ya yi sai an tura shi. Turke ɗaya a birni yana ɗaukar dubban masu kira, cikin ɗan lokaci ya mayar da kuɗinsa. Turke a ƙauye mai gidaje ɗari biyu, babu wutar lantarki, sai janareto da dizal ko sola da batura, ga mai gadi, ga hanya marar kyau. Wane manaja ne zai sa hannu a kan wannan? Shi ya sa ƙasashe da dama suka kafa asusun da ake cirar wani kaso daga kuɗin shigar kamfanoni don kai sabis karkara. Haka wayar faiba, wadda ake binnewa a ƙasa don ɗaukar intanet. Tona rami na ɗaruruwan kilomita shi ne mafi tsada a aikin, kuma in kowace jiha ko gunduma ta ɗora nata kuɗin izinin tono, aikin ya mutu tun kafin a fara. Sannan kebul na ƙarƙashin teku. Kenya ba ta zauna jiran kowa ba, gwamnati ta shiga aikin kebul na TEAMS daga Mombasa zuwa Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya iso a 2009, shekarar da kebul na SEACOM ma ya iso. Kafin nan gabashin Afirka da tauraron ɗan'adam yake hawa intanet. A Maris na 2024 kuma da kebul huɗu suka lalace a gabar yammacin Afirka, bankuna da ofisoshi suka durƙushe a ƙasashe da yawa. Tanadin hanya ta biyu ba ya kawo riba sai ranar da ta farko ta yanke, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Ma'aikaciya: Ku maza kun tsaya kan turke da kebul. Ni wani ɓangaren zancen ne ya dame ni, wato gwamnatin zamani, mai yi wa jama'a hidima ta intanet. Na yi aiki a wani ofis da aka buɗe mana shafin intanet da biki da yanke kyalle. Mutum zai cike fom a wayarsa, ya biya, sannan a ce ya buga takardar ya kawo da hannu, mu kuma mu kwafe a babban littafi mu jira sa hannun oga. Layin da ake bi bai ragu ba, an dai ƙara wa talaka kuɗin data da na buga takarda. Masu karɓar na goro ma ba su motsa daga kujerunsu ba. Malam, wannan wane ɗan kasuwa ne zai gyara mana?

Ɗan Manhaja: Hajiya, Allah ya saka. Shafi shi ne abu mafi sauƙi, cikin mako biyu sai a haɗa. Wahalar tana baya: rumbun bayanan wannan ma'aikata ba ya magana da na waccan. Estoniya ta fara X-Road, tsarin musayar bayanai tsakanin ma'aikatu, a 2001 don wannan matsala, kuma ƙa'idarsu ita ce kada hukuma ta sake tambayar ɗan ƙasa abin da wata hukuma ta riga ta karɓa. Indiya ta bi ta wata hanya: lambar shaida ta Aadhaar wadda ta game mutum sama da biliyan ɗaya, sai tsarin biyan kuɗi na UPI a 2016, wanda kowane banki da kowace manhaja ke iya hawa. A shekarar ce kuma kamfanin waya na Jio ya shigo ya faɗo da farashin data ƙasa warwas. Ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya. Ruwanda kuma Irembo ta yi a 2015, shafin neman takardun gwamnati ta intanet, kamfani ne ke gudanar da shi, amma gwamnati ce ta ce takardar da ta fito daga can ita ce takarda.

Mai Lissafi: Ka ce Jio, ka ce kamfani ke gudanar da Irembo. Ka ƙara da M-Pesa na 2007, tsarin tura kuɗi ta waya na Safaricom. Ai ni kake taya faɗa.

Ɗan Manhaja: Yaya, M-Pesa ya rayu ne don babban bankin Kenya ya bar shi ya fara kafin a rubuta masa doka, duk da ƙorafin bankuna. Barin ma hukunci ne, wani ne ya yanke shi. Kuma gwamnatin Kenya tana da hannun jari a Safaricom.

Ɗalibar Lauya: Ni kuma yanzu zan juya in ɗan tsaya wa Malam, don kun fara yabon gwamnati fiye da kima. Hannun da ke riƙe da kebul da rumbun bayanai shi ne ke iya kashe su. Yankin Tigray na Habasha ya shafe kusan shekara biyu babu waya babu intanet tun daga Nuwamban 2020, kuma abin ya zo da sauƙi don kamfani ɗaya ne, na gwamnati. A Indiya, Kotun Ƙoli ta amince da Aadhaar a 2018 amma ta hana a tilasta shi wajen buɗe asusun banki ko sayen layin waya. A Kenya, Babbar Kotu ta ce a 2021 an fara raba katin shaida na Huduma ba bisa ƙa'ida ba, saboda ba a tantance haɗarinsa ga bayanan mutane ba. Ga kuma tsoho manomi da aiki ya cinye masa zanen yatsa, na'ura ta ƙi gane shi. A hana shi tallafi ke nan?

Tsohon Injiniya: 'Yata, ki gyara abu ɗaya. A Zamfara a Satumban 2021 kamfanonin 'yan kasuwa ne, amma da umarni ya zo rana ɗaya suka kashe sabis. Mai lasisi ba ya jayayya da wanda ya ba shi.

Ɗalibar Lauya: Gaskiya ne Baba, na karɓi gyara. To ashe kariyar ba a mallaka take ba, a doka take da kotun da za ta iya cewa a'a.

Hajiya Ma'aikaciya: Ni dai har yanzu ba wanda ya amsa mini. A Estoniya ɗan ƙasa yana iya dubawa ya ga wane jami'i ne ya buɗe bayanansa. Ku nuna mini shugaban ma'aikatar da zai yarda a saka masa irin wannan ido, ko ya yarda a cire sa hannunsa daga kan takarda. Malam, in gwamnati ta koma gefe kamar yadda kake so, wa zai tilasta masa?

Mai Lissafi: Hajiya, a kan wannan ba ni da ta cewa, aikin gwamnati ne. Amma fa Baba bai gaya mini yadda za a yi kamfanin gwamnati ya zama Viettel maimakon NITEL ba, kuma ina nan ina jira.