Digiri na biyu a tattalin arzikin ƙasa da ƙasa: Jidda ko a koma gida?

Ɗan Sharafiyya: Salamu alaikum. Ina da digirin tattalin arziki daga gida Najeriya, shekarata 31, iƙamata (takardar izinin zama a Saudiyya) a hannun kafili (mai ɗaukar nauyin zamana) take. Cibiyar Tattalin Arzikin Musulunci ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zan nema, ko Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad?

Malam Bature: Wa alaikumus salam. Ka cika fom ɗin minhar 'yan waje, wato tallafin karatu, a shafin gwamnati na Idrus fis Sa'udiyya, har tikiti suna bayarwa.

Hajiya Ummu Safiyya: Malam, ai a Jidda yake zaune. Minha ta cikin gida ce tasa, kuma ta waje shekara 30 ce iyakarta a digiri na biyu. Ƙanena, fara da takardu: Ma'aikatar Ilimi ta buga hatimi, sai ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya. In aka tsallake ɗaya, daga farko za a sake. Sunan fasfo da na takardar sakamako su zo ɗaya, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a dawo da fayil.

Baban Amira: Haka aka yi wa wani yaro. Wata shida jami'arsa ta riƙe takardar sakamakonsa, ranar da ta iso an rufe ɗauka. Wakilin da ya ba kuɗi ya kashe waya.

Tela: Mu da muka karanta tattalin arzikin shinkafa kabsa fa?

Abu Hafsat: A bar wasa. Lissafi ne ke kayar da mutane: kalkulas, aljabara, ikonometiriks (ƙididdigar tattalin arziki), sai manhajar Stata ko R. Riyal a ɗaure yake, 3.75 kan dala tun 1986, don haka babban bankin Saudiyya sahun na Amurka yake bi wajen kuɗin ruwa. Kwatanta wannan da sakin naira a Yunin 2023, ka samu abin bincike.

Malam Bature: Ni na girme ku a ƙasar nan. Ɗan Sharafiyya ya lissafa kuɗin da baƙi ke biya wa iyali, riyal 300 kowane kai a wata.

Hajiya Ummu Safiyya: 400 ne tun Yulin 2020, Malam. Tsufa a gari ba shi ne sanin farashi ba.

Baban Amira: Mata da yara uku, 19,200 a shekara ke nan. Wa ya san ko ana raba biyan kashi-kashi wajen sabunta iƙama?