Kayan saƙarmu na yin fumfuna kafin su isa hannun mai saye, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina jagorantar wata ƙungiyar matan karkara masu saƙa tabarmi, faya-fayai da kwanduna da kaba da rama, kuma da sana'ar suke rufa wa kansu asiri. To, da damina ta kankama sai kayan su yi fumfuna, ga rini yana zuba. Mai shagon kayan adon ɗaki da ke sarinsu ta dawo mana da wasu, ta ce in aka sake ta daina karɓa. Don Allah a ba ni shawara.

Wata masaƙiya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina kyautata zaton a leda kuke ɗaure su. Ai dole a jiƙa kaba kafin ta lanƙwasu, kuma ko bayanta ya bushe, cikin saƙar na riƙe da laima. Ku sake shanya kayan bayan an gama, a inuwa mai iska, domin rana mai zafi tana koɗar da launi, ta sa kabar ta riƙa karyewa. Ku jera su a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wanda ya riga ya kamu a goge shi da buroshi a waje, a shafa ruwan khal.

Wani marini: Hajiya, zaren tsiro ba ya kama rini kamar ulu. A fara jiƙa shi a ruwan bagaruwa, sannan ruwan alif, kafin a tsoma a rini, a kuma ɗauraye har ruwan ya fito garau. Rinin baba, wato shuni, dai ba ruwansa da alif. Amma ku sani bagaruwa tana ɗan duhunta launi, ku gwada a ƙyalle ɗaya tukuna.

Mai tambaya: Na gode Malam. Wannan ƙarin aikin fa, wa zai biya?

Wata 'yar kasuwa: Mai saye mana, Yaya. Yawancin masaƙa kuɗin kaba da rini kawai suke lissafawa, su manta da kwanakin da suka yi a durƙushe. Ku sa ladan hannu a farashi. Sannan ku yanka sanda ɗaya ta awo ku raba wa kowa, don mai shago in ta ce faifai 12, kai ɗaya take son su. Ku kuma nemi kafin alƙalami kafin a fara kowace oda.