Wai Tudjman gwarzo ne? Yadda aka kwashe a zauren 'Yan Majalisar Dare

Ɗan Madrid: Assalamu alaikum. Wallahi zauren nan ya fara ba ni haushi. Shekaranjiya na ɓata darena na rubuto muku bayani kan Kuroshiya, ko tari babu wanda ya yi, amma da aka saka hoton kilishi kowa sai da ya tofa albarkacin bakinsa. To bari in maimaita. A 1990 mutanen nan suka yi zaɓensu na farko mai jam'iyyu da yawa, jam'iyyar HDZ ta Tudjman ta kayar da 'yan gurguzu, su kuma suka miƙa mulki salun-alun. Ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 4 ba, ta shiga Tarayyar Turai a 2013, ta koma kashe Yuro a 2023. Franjo Tudjman, shugaban ƙasarsu na farko, gwarzo ne, kuma da ƙuri'a ya karɓi mulki, ba da bindiga ba. Mai ja ya fito.

Malam Na-Tarihi: Wa'alaikumus salam. Gwarzo? Ƙanena, cire kalmar nan tukuna sannan mu yi magana.

Ɗan Madrid: Malam, ba zan cire ba.

Malam Na-Tarihi: To saurara. A Afrilun 1993 dakarun Kuroshiyawan Bosniya suka afka wa ƙauyen Ahmici da asuba, suka kashe Musulmi sama da 100, har da mata da yara, suka kayar da hasumiyar masallaci. A Nuwamban shekarar aka ruguza gadar Mostar da Daular Usmaniyya ta gina tun ƙarni na 16. Kotun duniya da ke Hague, a hukuncin da ta tabbatar a 2017, ta ambaci sunan Tudjman cikin waɗanda suka ƙulla makircin korar Musulmi daga wasu yankunan Bosniya. A zaman nan ne Slobodan Praljak, tsohon kwamandan dakarun Kuroshiyawan Bosniya da aka yanke wa hukunci, ya ɗaga 'yar kwalba ya kwankwaɗi guba a gaban alƙalai. Wannan ne gwarzon naka?

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. Ni dama ban san shi ba, amma yanzu na tsane shi.

Ɗan Madrid: Hajiya, ki bari ki ji ɗaya ɓangaren mana. Malam bai faɗa miki Vukovar, wani gari a Kuroshiya, ba. Kwana 87 sojojin Yugoslabiya da 'yan bindigar Sabiyawa suna ruwan wuta a garin, har ya faɗi ranar 18 ga Nuwamban 1991. Aka kwashe mutane daga asibiti, aka kai su wata gona a Ovcara, aka harbe wajen 200. Kakan Modric ma, tsoho mai kiwo, a ƙarshen shekarar aka kashe shi, yaron ya tashi a otal a Zadar yana ɗan gudun hijira.

Sarkin Barça: Yauwa! Dama na san nan za a zo. Duk wannan dogon turancin don Modric ne.

Bagwarje: Ni dai ɗan Gwarzo ne haifaffe, kuma ban yarda a riƙa jingina sunan garinmu da kowane Bature ba.

Lauyan Zaure: A bar wasa. Matsalar ita ce ba ku san ma'anar kalmar ba. Gwarzo a Hausa shi ne wanda ba ya ja da baya. Ba a ce waliyyi ba. Ɗan dambe ana ce masa gwarzo, ko da ba ya gaida uwarsa.

Malam Na-Tarihi: Lauya, in haka ne Fir'auna ma gwarzo ne ke nan.

Lauyan Zaure: Ban ce ba. Kada ka saka min magana a baki, Malam.

Hajiya Mai Atamfa: To idan ana cewa gwarzon shekara fa? Ai yabo ne. Wa ya taɓa ba ɓarawo kyautar gwarzon shekara?

Bagwarje: Hajiya, a ƙasar nan? Kada ki sa in yi magana.

Kwamared: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Gwarzo ɗaya aka yi a yankin, shi ne Tito, shugaban tsohuwar Yugoslabiya da Kuroshiya take cikinta. Ya riƙe jamhuriyoyi shida wuri guda har ya mutu a 1980, ya bijire wa Stalin a 1948, ya tara ƙasashen 'yan-ba-ruwanmu a Belgrade a 1961. Yana kwantawa dama aka fara wasa wuƙaƙe.

Ɗan Madrid: Tito ai Basabiye ne, dole ka yabe shi.

Kwamared: Ka ga irinta ko? A Kumrovec aka haife shi, cikin Kuroshiya, ubansa Bakuroshiye, uwarsa 'yar Sulobeniya. Shi kansa Tudjman ɗin naka a rundunar Tito ya yi yaƙin duniya na biyu, daga baya har ya kai janar. Rabin 'yan dimokuraɗiyyar taku tsofaffin 'yan gurguzu ne da suka sauya riga.

Lauyan Zaure: Kwamared, ka manta tsibirin Goli Otok da Tito yake jibge masu adawa suna fasa dutse? Ka manta dubban da dakarunsa suka kashe bayan sun miƙa wuya a garin Bleiburg a 1945? Kuma Tudjman sau biyu gwamnatin gurguzu tana ɗaure shi.

Kwamared: Su wa aka kama a Bleiburg? Da yawansu sojojin Ustasha ne na Ante Pavelic, 'yan koren Hitler a Kuroshiya, masu sansanin Jasenovac, inda aka rubuta sunayen mutum sama da 80,000 da aka hallaka, Sabiyawa da Yahudawa da Romawa.

Lauyan Zaure: Da fararen hula a ciki.

Kwamared: Kawo hujja.

Lauyan Zaure: Na gani a wani bidiyo, bari in nemo.

Sarkin Barça: Kafin ka nemo, a tuna wa Ɗan Madrid cewa a 2013 ɗan ƙwallon Kuroshiya Simunic ya ɗauki makirufo a filin wasa na Zagreb ya yi kirarin 'yan Ustasha, FIFA ta dakatar da shi wasa 10.

Ɗan Madrid: Rakitic ɗinku fa, ba rigar ƙasar ya saka ba?

Sarkin Barça: A Suwizalan aka haife shi, ruwansa daban.

Bagwarje: Ni abin da ban yafe ba shi ne 2018. Biyu da nema suka yi mana. Etebo ya ci gida, Modric ya buga fenareti. A gidan kallo Ɗan Madrid ya miƙe zai yi murna, sai da aka janyo masa riga.

Ɗan Madrid: Ƙarya ne! Waya na tashi amsawa.

Malam Na-Tarihi: Mu koma kan gwarzo. Agustan 1995, farmakin da sojojin Kuroshiya suka kira Oluja, wato guguwa. Cikin kwana huɗu aka karɓe Knin, hedkwatar 'yan tawayen Sabiyawa, Sabiyawa wajen 200,000 suka bar gidajensu a kan taraktoci, aka ƙone ƙauyuka, aka kashe tsofaffin da suka kasa gudu.

Ɗan Madrid: Kuma farmakin nan ne ya ɓalle ƙawanyar da aka yi wa Musulmin garin Bihac a Bosniya, wata guda bayan kisan kiyashin da aka yi wa Musulmi a Srebrenica. Me ya sa ba ka faɗi wannan ba? Janar Gotovina ma, kwamanda a farmakin, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2012.

Malam Na-Tarihi: Alƙalai uku suka wanke shi, biyu suka ƙi.

Hajiya Mai Atamfa: Yanzu ni in tsane shi ne ko in bari? Ku faɗa min in je in kwanta.

Kwamared: A matsayina na admin, ga taƙaitawa. Zaure ya gamsu cewa Tudjman ba gwarzo ba ne, Malam ya kawo hujjoji ƙwarara. An kuma fahimci cewa duk bala'in ya biyo bayan rasuwar Tito ne. Lauya bai kawo bidiyonsa ba, don haka maganar Goli Otok ta faɗi. Ɗan Madrid son Modric ne ke ɗawainiya da shi.

Lauyan Zaure: Bidiyon na Bleiburg ne, ba na Goli Otok ba, kuma data ce ta ƙare min.

Ɗan Madrid: Wane zaure ne ya gamsu? Ni fa maganar zaɓen 1990 na kawo, har yanzu ba wanda ya ce uffan a kai.

Kwamared: Na rufe zaure sai bayan sallar asuba.