Taƙaitawa: tsofaffin shirye-shiryen barkwanci na rediyon Ingila, ta ina za a fara?

To jama'a, ga abin da na tsinta a hirar da aka yi kan wane tsohon shirin barkwanci na rediyon Ingila ya kamata mutum ya fara saurara.

1. Kusan kowa ya ce a fara da Hancock's Half Hour na BBC (1954 zuwa 1959), Turancinsa a sarari yake, labari ɗaya ne tiryan-tiryan.

2. Kan The Goon Show (1951 zuwa 1960) aka yi ta ja-in-ja. Wasu sun ce 'yan wasan shirin, Spike Milligan da Peter Sellers, ba su da na biyu, wasu kuma suka ce hayaniya ce kawai da muryoyin shirme, in kunnenka bai saba ba ko rabi ba za ka kama ba. Ni dai ina tare da masu cewa a bar shi sai daga baya.

3. Shirin ITMA (wato It's That Man Again) na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne, rahar ta tsufa sai ka san tarihin.

4. Masu son diramar ƙauye maimakon barkwanci, akwai The Archers, tun 1951 har yau ana yi.

Tashar Radio 4 Extra ta BBC na maimaita tsofaffin, amma wasu sun ɓace, BBC ta goge faya-fayan.