Neman kalma: me za mu kira yaron da bai ƙi yadda Allah ya yi shi ba?

Malamai da iyaye na Gusau da kewaye, ina neman ku sa baki kan kalma ɗaya. Masu koyar da 'yan ajin share fagen firamare suna yawan cin karo da "self-acceptance" a takardun horo, amma ranar taron iyaye da malamai sai a rasa yadda za a faɗe ta. Malami ya faɗe ta da Turanci ya wuce, uwar da ta taso daga Tudun Wada ko Sabon Gari ta koma gida ba ta ƙaru da komai ba, alhali a hannunta yaron yake wuni.

Ga abin da ake nufi. Yaro bahago ne, ko yana in'ina, ko zabiya ne, ko shi ne baƙi a ɗakin farare, ko shi ake bari baya wajen hadda a makarantar allo. Ya san haka yake, amma bai ɗauki kansa abin kunya ba. Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya yi bayani tun shekarun 1950 cewa yaron da ba a nuna masa ƙauna sai ya cika wani sharaɗi yakan tashi yana auna darajarsa da wannan sharaɗin. Mu ma mun san irin maganar: "Sai ka zo na ɗaya", "Dubi yayanka, kai me ya hana ka?"

"Son kai" da "ji da kai" ba sa cikin lissafi, duk zagi ne a wurinmu. "Karɓar kai" kuwa Turanci ne da harufan Hausa. Ka ce wa Hajiya ɗanta ya karɓi kansa, za ta tambaye ka a hannun wa.

Da yawa cikin waɗanda muka tattauna da su sun fi karkata ga "yarda da kai". Ni ban bi su ba, domin wannan kalma tana da nata aiki: ƙarfin hali ne, na yarinyar da za ta tsaya gaban taron makaranta ta yi karatu muryarta ba ta rawa. Amma sau nawa muka ga irin wannan yarinya ta girma tana neman man bilicin saboda tun tana ƙarama ake ce mata baƙa mummuna? Ta yarda da iyawarta, ba ta yarda da fatarta ba. Abu biyu ne, kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba.

Wata malama daga Kaura Namoda ta kawo "wadatar zuci", kuma na daɗe ina juya ta, don tana da daɗi kuma kowace uwa ta san ta. Sai dai Malama, wadatar zuci ta fi tafiya da abin hannu: kada ka sa ido a kwanon wani. Wanda ya ce "haƙuri da ƙaddara" shi ma ya kusa, amma kalmar tana ɗauke da ƙanshin musiba. In ka ce wa bahago ya yi haƙuri da ƙaddara, ka riga ka gaya masa cewa wani mugun abu ya same shi, kuma wannan tunanin ne muke son cirewa daga ransa.

Tawa shawarar ita ce "yin na'am da kai". Bahaushe ba ya yin na'am da abu a kan dole, sai ransa ya kwanta da shi. Ku gwada ta a baki: "Baba, muna son Sani ya yi na'am da kansa, a daina kwaikwayon in'inarsa a gida." Ba sai an ƙara sharhi ba.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma tambayar tana kan hanya: ba za a sangarta yaro ba, ya ƙi jin gyara? A nan sai mu raba hali da halitta. Ƙarya, ɗauke-ɗauke da rashin kunya hali ne, dole a gyara. Launi, tsawo, harshe mai sarƙewa, wannan halitta ce. Aya ta 22 a Suratur Rum ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, aya ta 11 a Suratul Hujurat kuma ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba. Don haka "abin da ka yi bai yi kyau ba" gyara ne, "kai dai ba ka da amfani" kuwa rushe yaro ne. Ko bahagon ma, a koya masa cin abinci da dama cikin lallashi kamar yadda sunna ta koyar, amma ban ga dalilin buge masa hannu don ya riƙe fensir da hagu ba. Kakanni ma ina roƙonku, wasan jika yana da daɗi, amma in kun ga wani suna yana sa yaro ya sunkuyar da kai, ku canza masa wani.

Saura wata kalma kuma da ta gagare mu, wato yadda kowane yaro yake da abin da ya bambanta shi da sauran. "Ɗaiɗaikantaka" ta yi nauyi a baki, "fita daban" kuma tana kama da fita zakka. A yanzu cewa nake "kowa da irin tasa baiwar", amma wannan jimla ce, ba suna ba. Mutanen Argungu, Anka da Talata Mafara, ku tambayo mana tsofaffinku yadda suke faɗa idan sun ga jika ya ɗauko hanyar da babu mai irinta a gidan.