Cin abincin Lahadi a mashayar ƙauye a Ayilan: in tafi da surukata?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a wani ƙaramin gari a gundumar Roscommon, kuma abokiyar aikina ta gayyace mu cin abincin rana ranar Lahadi a mashayar da iyayenta ke gudanarwa, wadda kakanta ne ya buɗe ta. Mahaifiyarta ce ke girki, ɗakin cin abincin kuma daban yake da inda ake shan giya, sun kuma san ba ma cin naman alade. Damuwata ita ce Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo mana ziyara daga Kano, kuma an ambaci sunanta a gayyatar. Waɗanda suka taɓa ci a irin wannan wuri, me ya kamata mu nema, nawa za mu tanada idan suka bari muka biya, kuma ya dace in tafi da ita?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Ki kai Hajiya Dublin kawai, akwai gidajen abincin halal da yawa a kewayen masallacin da ke titin South Circular, hankalinki kwance.

Baban Amira: Malam, ai ba wurin cin abinci take nema ba, gayyata ce aka yi mata. Maman Hanifa, na daɗe a gundumar Mayo, kuma abin da na fahimta shi ne a ƙauyukan nan mashaya ita ce zauren gari. Can ake taruwa bayan jana'iza, can ake walimar baftismar jariri, can 'yan ƙwallon gari ke zama bayan wasa. Tun watan Maris na 2004 aka hana shan taba a ciki, doka kuma ta yarda yara su shiga tare da iyayensu da rana. Abincinsu na gida ne mai riƙe ciki: farfesun rago da dankalin Turawa da albasa da karas, gasasshen naman sa, kifi, da burodinsu mai ruwan ƙasa wanda ba a sa masa yis, da soda da tsala ake kwaɓa shi. Ni kifi gasasshe nake ci da dakakken dankali da kabeji, kusan yuro 18.

Hajiya Ummi: 'Yata, ki saurare ni. Ni ma da kifi na fake, kuma ta nan aka cuce ni. Mun je wata mashaya a bakin teku tare da 'yan wurin aikinmu, na nemi romon kifin nan mai madara da suke ji da shi, na tambayi yarinyar da ke kawo abinci ko akwai naman alade, ta duba takardar hannunta ta ce babu. Na sha fiye da rabi kafin na ga 'yan gutsattsarin jan nama a ƙasan kwano. Da aka kira mai girkin, sai ya ce da kitsen alade yake fara soya albasa, kuma bai ɗauki wannan a matsayin nama ba. Na fita waje na yi ta kakarin amai, na yi kuka, abokan aikina kuwa sun kasa gane abin da ya tayar mini da hankali, har wata ta ce ai ɗan kaɗan ne. Wannan kalma ta fi naman yi mini ciwo. Takardar da yarinyar ta duba ta abubuwa 14 ce masu tayar da borin jini, waɗanda doka ta wajabta a bayyana tun 2014, irin su madara da ƙwai da gyaɗa da kifi. Naman alade ba ya cikinsu, giya ma haka. Kuma yuro 24 na biya a kan romon da abincin da ban iya taɓawa ba.

Malama Rabi: Subhanallahi. Allah Ya ba ki haƙuri, Hajiya. Ƙari a kan naki, kwaɓin fulawar da ake soya kifi da shi sau da yawa da giya ake dama shi, akwai kuma farfesun naman sa da ake dafawa da giyar Guinness. Sai a tambaya ko a mai ɗaya ake soya dankali da tsiran alade. Amma yuro 24 ya yi yawa, a garinmu da yuro 14 za ki ci ki ƙoshi ranar Lahadi.

Baban Amira: Wannan tsohon farashi ne, Malama. Tun da harajin abincin sayarwa ya tashi daga kashi 9 zuwa 13.5 cikin ɗari a Satumbar 2023, ban ƙara ganin farantin 14 ba.

Malama Rabi: Makon jiya na biya, Malam, ba labari aka ba ni ba.

Abu Sadiq: Duk kuna maganar kuɗi kun bar asalin magana. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ta yaya za a kai dattijuwa irin wannan wuri?

Baban Amira: Hadisin a kan kaina yake, amma ta faɗa cewa ɗakin daban ne, kuma tana iya roƙon kada a kawo giya teburinsu. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ma ta yi magana a kan abincin Ahlul Kitabi. Kai a Dublin kake, inda kowace kusurwa akwai shagon halal, don haka shawararka ba ta waɗanda ke garin da gidan abinci ɗaya ne tak ba ce.

Abu Sadiq: Hukunci ba ya canzawa da nisan gari, kuma malamai sun saɓa a kan yankan da ake yi a nan. Ta tambayi malami, kada ta dogara da wanda ya saba da wurin.

Hajiya Ummi: Malamin bai san abin da ke cikin tukunya ba, ni na sani.

Ɗan Autan Zinder: Yaya, idan kun tafi ki saka wa Hajiya yaji a jaka. Za a jera mata dankali iri uku a faranti ɗaya, dakakke da gasasshe da soyayye, ta yi ta jiran a kawo miya.

Malama Rabi: Ka ba ni dariya, Auta. Abin da ya fi damuna shi ne ƙasar nan cike take da tumaki da shanu, ana ma fitar da naman halal zuwa ƙasashen waje, amma mu da ke ƙauye sai mun yi doguwar tafiya kafin mu samu. Da mahautan ƙananan garuruwa suna ajiyewa, da Maman Hanifa ta kai wa uwar ƙawarta naman ta dafa musu farfesun, magana ta ƙare.

Baban Amira: Gaskiya ne. Ballyhaunis da ke nan Mayo ta shahara da mayankar halal tun shekarun 1970, dalilinta ne ma aka gina masallaci a garin a shekarun 1980, amma ni da ke gunduma ɗaya da su sai na je Galway ko na jira mai kawowa daga Dublin. Wani mai kawo mana ya taɓa sauke mini daskararren nama da ya narke a hanya, ya kuma ƙi karɓa.

Hajiya Ummi: Mu ma ya yi mana haka gab da Babbar Sallah. Ga shi ba a yanka a gida, sai a mayanka mai lasisi. Me zai hana gidajen da ke yammacin ƙasar su haɗa kuɗi a riƙa sayen rago sukutum ana rabawa?

Ɗan Autan Zinder: Ni ina da mota da akwatin sanyi. Gida nawa ne a Roscommon da Mayo, kuma wa zai riƙe kuɗin?